Kafin a Ce Inji Ya Ƙone

A gidaje da yawa na karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, akwai wani lungu a ɗakin uwargida da ya zama makwancin injunan da suka daina aiki. A nan za a tarar da bilendar da ɗa ya aiko daga Abuja, da ƙaramin injin niƙa gahawa da aka kawo tsaraba daga Makka, wanda tun da ya shigo gidan bai taɓa ganin gahawa ba. Citta da kanumfari da masoro da busasshen barkono ya yi ta niƙawa, har ranar da ya yi shiru. An goge su, an lulluɓe da leda, an ajiye. Idan ɗan ya bugo waya ya tambaya, "Inna, yaya injin nan kuwa?" amsar ɗaya ce: "Ai yaron nan, tun kafin azumi ya ƙone." Shi kuma sai ya ce Allah ya kyauta, ya yi alkawarin aiko wani idan albashi ya shigo.

"Ya ƙone" hukunci ne da ake yankewa ba tare da an saurari shaida ba. Sau da yawa babu wanda ya buɗe injin, babu wanda ya gwada shi a wani soket, babu ma wanda ya shanshana shi ya ji ko akwai ƙaurin ƙuna. An danna, bai tashi ba, shi ke nan. Alhali ƙonewa ta gaske ita ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da ke tsayar da irin waɗannan injuna, kuma kafin a kai gare ta akwai matsaloli biyar ko shida da ake warwarewa a tsakar gida da sukudireba da ɗan haƙuri. Saboda haka duk wanda ya aika inji ƙauye bai gama kyautarsa ba, sai ya haɗa da sanin yadda ake gano ciwon injin, kuma sai ya zaɓi wanda ake iya buɗewa a gyara.

Ƙasar da ba ta saba zubarwa ba

Abin mamaki shi ne wannan ɗabi'a ta jingine kaya baƙuwa ce a yankin. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya a Jami'ar Bayero, ya wallafa nazari tare da J. Wilson a 1965 a kan ƙasar noma mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano. Abin da ya ja hankalin masana game da yankin shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Dalilin a fili yake: ba a barin komai ya salwanta. Karan gero da na dawa su zama danga da makamashi, harawa ta zama abincin dabbobi, kashin dabbobin ya koma gona, jakuna su kai itace birni su dawo da taki.

Haka abin yake a kayan gida. Ƙwarya idan ta tsage akwai gyartai. Fartanya idan ta cinye akwai maƙeri. Dutsen niƙa idan ya yi sulɓi ana ƙoda shi, ya koma cin hatsi kamar sabo. Kowace mace ta san lokacin da dutsenta ke neman ƙoda, domin hannunta da kunnenta suna gaya mata. Wannan sanin ne bai biyo injin lantarki zuwa ƙauye ba. Injin ya zo a kwali, da takardar bayani cikin Turanci ko Larabci ko Sinanci, wadda aka yar tare da kwalin.

A da, ana iya cewa asarar ba ta da yawa. Yanzu lissafin ya canza. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Duk kayan lantarki da ake shigowa da su sun bi ta. Kuɗin markaɗe ma ya tashi, tun da da fetur mafi yawan injunan unguwa ke aiki. Injin da aka jingine a lungu yana nufin a koma turmi da taɓarya, ko a riƙa aiken yarinya da roba zuwa bakin hanya kowace safiya, a daidai lokacin da ya kamata tana aji.

Inji yana faɗin ciwonsa

Ƙaramin injin niƙa da bilenda ginin su kusan ɗaya ne. Wuta tana shiga ta filogi, ta bi waya, ta ratsa makunni, ta isa sashen da masu gyara ke kira moto, shi kuma ya juya wuƙa. Duk bincike bin wannan hanya ne daki-daki, daga bango zuwa wuƙa. Ƙa'ida ta farko kuwa ba a sassauta ta: a zare filogi daga soket kafin a taɓa komai.

Alama ta farko ita ce shiru. An danna, ko motsi babu. Shiru kusan kullum yana nufin wuta ba ta isa moto ba, kuma wannan labari ne mai daɗi. A fara gwada soket ɗin da wani abu, kamar cajar waya. Sannan a buɗe filogi: filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda ya fi yawa a Najeriya, yana da ɗan fiyus a ciki, kuma sauya shi aikin minti biyu ne. Sai waya, wadda takan karye a ciki daidai inda take lanƙwashewa, a bakin filogi ko a gindin injin, ko kuma ɓera ya ci ta. Bayan nan sai makunnin tsaro. Yawancin injunan niƙa gahawa ba sa tashi sai murfi ya zauna daram ya danna wani ɗan maɓalli. Garin yaji yana cushewa a ramin maɓallin, ko ɗan haƙorin robar da ke jikin murfin ya karye. Tsohon buroshin haƙori da tsinke sun tayar da injuna da yawa da aka riga aka yi wa ta'aziyya.

Idan duk waɗannan lafiya suke, saura fiyus na zafi, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da ke manne da naɗin wayar moto. Aikinsa shi ne ya yanke wuta idan zafi ya wuce kima, ya mutu domin moton ya rayu. Wasu injunan suna da irin wanda ke komawa da kansa bayan injin ya huce, shi ya sa jira na rabin sa'a kan zama magani. Mitar gwada wuta, wadda ake samu a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, tana nuna inda hanya ta yanke cikin daƙiƙu.

Alama ta biyu ita ce gurnani ba juyawa. Wuta ta isa, amma wani abu ya riƙe wuƙa. A nan ne gaggawa take da muhimmanci: moton da aka riƙe yana jan wuta fiye da kima, kuma cikin ɗan lokaci zai ƙone da gaske. Mutane da yawa da hannunsu suke ƙona injin, suna ta dannawa suna jiran ya saki. Abin yi shi ne a kashe nan take, a zare filogi, a juye abin da ke ciki, a juya wuƙar da cokalin katako. Tsakuwa, ko gutsuren citta mai tauri, ko garin da ya sha danshi ya daskare a gindin wuƙa, su ne masu laifin da aka fi kamawa.

Alama ta uku: moto yana gudu, ƙara tana tashi, amma ba a niƙa komai. A bilenda, wannan robar nan ce mai haƙora da ke haɗa moto da kofi ta cinye. An yi ta ne da gangan ta fi sauran sassan rauni, domin ita ta lalace maimakon moto, kuma ana sayar da ita daban. A injin gahawa kuwa, wuƙar ce ta kwance daga sandarta.

Alama ta huɗu ita ce tartsatsi da raguwar ƙarfi, injin yana tashi yana tsayawa. Irin wannan moto yana karɓar wuta ta wasu 'yan sanduna biyu baƙaƙe da ake kira kabon, waɗanda sifirin ke tura su su goga a zoben jan ƙarfe mai juyawa. Suna cinyewa kamar alli a allo. Idan sun gajarce, sai a sa sababbi daidai girmansu.

Sai ta biyar, ƙonewa ta gaske. Ba ta ɓuya: ƙauri mai hawa kai wanda ba ya barin injin ko bayan kwanaki, da naɗin waya da ya koma baƙi maimakon ja mai sheƙi. Wannan kaɗai ya cancanci kalmar da Inna ta faɗa. Ko a nan ma, babban moto yana da masu sake masa naɗi. Ƙarami ne kawai kuɗin naɗinsa kan zarce kuɗin sabo.

Abin da ke kashe su tun farko

Gano ciwo rabin aiki ne idan ba a san musabbabinsa ba. Na farko shi ne aikin da ya fi ƙarfin injin. An ƙera injin niƙa gahawa ne domin cokali kaɗan, ya yi daƙiƙu yana juyawa sannan ya huta. Idan aka ɗora masa yajin mai jego na kwano guda a zama ɗaya, ba zai kai labari ba. Na biyu shi ne wutar da ba ta dace ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Bilendar gwanjo da aka yi domin Amurka, ko wadda ɗan'uwa ya riƙo daga can, tana iya ƙonewa a jonawar farko idan ba a bi da ita ta taransifoma ba. Adadin yana rubuce a gindin kowane inji, karanta shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Na uku shi ne raunin wuta, abin da ƙauyukan da ke ƙarshen layi suka sani sarai. Idan ƙwan fitila ya yi ja, moto ba ya samun ƙarfin juyawa, fankarsa ba ta sanyaya shi, ga kaya a ciki, sai zafi ya taru. Haka ma ƙaramin janareta da aka riga aka ɗora wa talabijin da fanka. Na huɗu shi ne ƙurar hunturu da garin da ke toshe ƙofofin iska. Na biyar ruwa ne: wanke gindin bilenda a baho, ko robar da ke tare ruwa a ƙarƙashin wuƙa ta tsufa tana ɗiga kan moto.

Babban injin markaɗe na unguwa ma wannan tsarin bincike yake bi, sai dai a nan fetur ne a madadin lantarki. Idan ya ƙi tashi, a duba mai, a duba filogin da ke ba da tartsatsi, a duba matatar iska da gari ya toshe, a duba kabureta da dattin man bumburutu ya cushe. Da yawa daga cikin injunan da aka kwaikwaya daga samfurin Honda GX160 suna da na'urar da ke kashe su idan baƙin mai ya yi ƙasa, kuma wanda bai san da ita ba zai yi ta jan igiya har kafaɗarsa ta gaji. Idan yana tashi amma yana sarewa da an zuba kaya, bel ne ya saki. Idan yana kuka da zafi a gefe ɗaya, boris ne ke neman giris ko canji.

A nan maganar ta wuce kuɗi ta shiga lafiya. Faifan ƙarfe biyu masu haƙora ne ke niƙa a irin wannan inji. Idan haƙoran sun cinye, mai inji yakan ƙara matse su domin gari ya yi laushi, sai ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe, ɓurɓushinsa ya bi ƙullu zuwa tukunya. Maganaɗisun tsohuwar lasifika, idan aka naɗe shi a leda aka ratsa cikin busasshen gari, yana nuna ko akwai wannan matsala. Maganinta shi ne wasa faifan a kan lokaci ko sauya su. Ƙodar da kakanni suka sani ce ta dawo da sabuwar kama.

Inda masu ja suke da gaskiya

Akwai masu cewa lantarki ba abin wasa ba ne, kuma koya wa mutane buɗe inji gayyatar haɗari ce. Suna da hujja. An sha ganin wanda ya cire fiyus ya maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari, ko ya tsallake fiyus na zafi domin injin ya tashi. Wannan cire mai gadi ne daga bakin ƙofa, kuma a gidan da ke da danga da rumbun kara, ƙarshensa gobara. Manyan motoci masu kafasita kuma suna iya riƙe wuta ko bayan an zare filogi. To amma wannan hujja tana kira ne a shata iyaka. Soket da filogi da fiyus da murfi da tsakuwa da roba aikin gida ne. Duk abin da ya kai ga naɗin waya ko kafasita, na mai sana'a ne. Wanda aka koya wa iyakar ya fi aminci a kan wanda aka bari da jahilci da ƙarfin hali.

Wasu kuma za su ce ana neman cire wa masu gyara abinci daga baki. Akasin haka ne ke faruwa. Injin da ke lulluɓe a lungu bai ba kowane mai gyara ko sisi ba. Gidan da ya san bambancin shiru da gurnani shi ne ke kai inji kasuwa ranar da take ci, ya ce kabon ne ya cinye, ya biya kuɗin kabon. Irin wannan gida ba a cika yi masa ƙaryar cewa moto ya tafi ba, mai gyara na kirki kuma yana samun amana.

Hujja ta uku ta fi nauyi: wasu injunan ba a yi su domin a gyara ba. An liƙe bodinsu da gam, an ɗaure su da kusoshin da babu sukudireban da ke kama su, babu kayan gyaransu a ko'ina. Wannan gaskiya ne, kuma damuwa ce ta duniya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa an zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki a 2022, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. A Amsterdam, Martine Postma ta fara taron gyara na sa kai a 2009, inda maƙwabta ke kawo kayansu da suka lalace a gyara tare. Faransa ta wajabta tun Janairun 2021 a manna wa wasu kayan lantarki maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024, wadda ta shafi kaya irin su injin wanki da wayar hannu. Turawa suna kashe kuɗi da dokoki domin farfaɗo da abin da har yau yake raye a Ƙofar Ruwa da Farm Centre. Zai zama abin takaici a bari ya mutu a nan, a daidai lokacin da ake nemansa a can.

Nauyin da ke kan masu aikowa

Hukuma tana da nata rabon. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ita ce ke da hurumin tsare ƙofa daga kayan da ba su dace da wutar ƙasar ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna zaune ne a tsakiyar wannan yanki, kuma horon kwana biyu ko uku ga masu injin markaɗe da ƙungiyoyin mata bai fi ƙarfinsu ba. Mata su ne a gaba a nan, domin su ke aiki da injin, su ke fara jin lokacin da ƙararsa ta canza. Ba daidai ba ne a ce mai amfani da abu kullum sai ta jira namiji ya dawo daga kasuwa kafin a duba fiyus.

Amma kaso mafi girma yana kan ma'aikacin da ke birni, wanda aljihunsa ne ke zaɓar abin da zai shiga ƙauye. Araha ba ta ado. Kafin ya biya, ya juya injin ya karanta bolt ɗinsa, ya duba ko kusoshi ne suka riƙe shi ko gam, ya tambayi mai shago ko akwai robarsa da kabonsa da kofinsa, ya sayo su tare. Ya kuma tambayi kansa aikin da za a sa injin: idan yajin gida guda ne, injin gahawa ba zai ɗauka ba, kuma idan garin ba ya samun wuta mai ƙarfi, injin hannu mai mariƙi ya fi amfani.

Idan ya je gida da salla, ya ware rabin sa'a. Ya zauna da ƙanwarsa ko matar ƙaninsa, ya ciro injunan da ke lungu, su bi hanyar wuta tare daga bango zuwa wuƙa. Ya bar musu sukudireba da fiyus uku da tsohon buroshi a cikin gwangwani. Daga ranar, idan ya bugo waya aka ce inji ya tsaya, tambayar da zai fara yi ita ce: shiru ya yi, ko gurnani yake?